Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da Sanin Ƙasa

Gidanmu yana unguwar Gidan Dahala cikin birnin Sakkwato. Da na je hutun da ya wuce, sai na iske an sare tsamiyar da ke ƙofar gida, wai za a gina shaguna a wurin. Kakana ya yi kwana biyu ba ya walwala. Da na matsa masa da tambaya, sai ya ɗauko mini labarin wanda ya kafa garin nan. Bayan an komo makaranta na ƙara bincike a laburare, ga kuma abin da na samo.

An haifi Muhammadu Bello a shekarar 1781. Mahaifinsa shi ne Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Ya yi karatu wurin Shehu da kuma wurin baffansa Malam Abdullahi. A aji, galibi yaƙe-yaƙen jihadin 1804 ake koya mana game da shi. Amma ni abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne yadda ya san ƙasa da ruwa.

A shekarar 1809 ya kafa Sakkwato. Ku dubi wurin da ya zaɓa. Tudu ne mai marmara, kusa da inda gulbin Rima da gulbin Sakkwato suka haɗu. Tudun yana tsare gidaje daga ambaliya. Fadamar da ke ƙarƙashinsa kuwa, ruwa yakan malale ta da damina ya bar mata laka mai taki, ta riƙe laima har cikin rani. Watau mutane su kwana a tudu, su ci daga fadama.

A 1812 ya rubuta littafinsa Infaƙul Maisuri, wanda ya fara da bayanin ƙasashe irin su Barno da Azbin da ƙasar Hausa da mutanensu. Da Shehu ya rasu a 1817, sai ya zama Sarkin Musulmi. Cikin nasihar da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya ce a kula da manoma da masu sana'a, a gyara hanyoyi da kasuwanni. Ya kafa garuruwan ribaɗi kamar Wurno, ya kuma jawo hankalin makiyaya su zauna wuri ɗaya. Dattawa suna cewa shi ya yaɗa ban ruwa da jigo da noman rake a ƙasar nan.

A 1824 wani Bature, Kyaftin Clapperton, ya zo Sakkwato yana neman sanin inda Kwara ta ƙare. Ya yi mamaki da ya ga Bello ya san taurari da yawa da sunayensu na Larabci. Bello ya ba shi taswira, aka buga ta a Landan a 1826. Ba dukan abin da ke cikinta ne daidai ba, domin ta nuna Kwara ta nufi Masar. Sai a 1830 Richard Lander da ƙanensa suka bi kogin har teku. Duk da haka, ba ƙaramin abu ba ne a ce masu bincike daga Ingila sun zo neman ilmin ƙasa a garinmu.

Bello ya rasu a Wurno a 1837, bayan shekara 20 yana mulki, can kuma kabarinsa yake.

To, jama'a, yaya muka riƙe abin da ya bari? Kakana ya ga farin 1973, da shanu suka yi ta mutuwa. Iyayenmu kuma ba su manta da ambaliyar 2010 ba, da Rima ta cinye gonaki da ƙauyuka daga wajen Goronyo har Sakkwato. Amma har yanzu muna sare itatuwa ba mu dasa, alhali saiwarsu ita ke riƙe ƙasa kada iska da ruwa su kwashe ta. Wasu ma suna gini a hanyar ruwa, inda Bello ya bar wa shuka.

Ni dai kafin in baro gida na shuka ƙwallon tsamiya a bayan ɗakin Kakana, na roƙi ƙanena ya riƙa ba ta ruwa. Kakana ya ce ba zai sha inuwarta ba, amma ya yi murmushi. Ina roƙon kowane ɗalibi ya dasa itace ɗaya a daminar bana, ya kuma kula da shi har ya wuce bazara. Iyaye kuma su taimake mu da shinge saboda awaki.

Allah ya jiƙan Sarkin Musulmi Bello, ya ba mu ikon riƙe amanar ƙasarmu, amin.