William Colenso (1811–1899): Ɗan Mishan, Maɗabi'i da Masanin Tsirrai

An haifi William Colenso a garin Penzance na ƙasar Ingila a shekarar 1811. Bai yi zurfi a karatun boko ba, sana'ar ɗab'i ya koya tun yana saurayi. Da wannan sana'a ce ƙungiyar mishan ta ɗarikar Angilika mai suna CMS ta ɗauke shi aiki, ta tura shi ƙasar Niyu Zilan, can ƙuryar tekun Fasifik, wurin al'ummar Maori. Ɗalibin Hausa ba zai ji sunan ƙungiyar baƙo ba, domin ita ce ta ɗauki nauyin J. F. Schön, wanda ya wallafa nahawun Hausa a 1862.

Colenso ya sauka a Paihia a ƙarshen watan Disamba na 1834, sai ya tarar an aiko shi da injin buga littattafai da haruffan dalma, amma babu takarda, babu kuma akwatunan jera haruffa. Ya sa kafinta ya ƙera masa akwatuna daidai da haruffan harshen Maori, waɗanda ba su kai na Ingilishi yawa ba, takarda kuwa ya samo ta daga gidajen 'yan mishan. A watan Fabrairun 1835 ya fitar da ɗan littafinsa na farko, mai shafi 16. Kafin 1837 ta ƙare ya kammala buga kwafi 5,000 na Sabon Alkawari cikin harshen Maori, fassarar da William Williams ya jagoranta. Ga mai nazarin harshe wannan ba ƙaramin al'amari ba ne, saboda littafin da ya fara yaɗuwa a hannun jama'a shi ne yakan kafa ƙa'idar rubutunsu, kuma Maori da yawa da irin waɗannan littattafai suka koyi karatu.

Abin da aka fi tuna shi da shi ya faru ne ranar 6 ga Fabrairu, 1840, a Waitangi, inda sarakunan Maori suka taru domin sa hannu a yarjejeniya da wakilin Sarauniyar Ingila, William Hobson. Cikin dare guda Henry Williams da ɗansa suka fassara yarjejeniyar, kuma kalmar da suka zaɓa a madadin cikakken ikon mallakar ƙasa, wato kawanatanga, ta fi kusa da ma'anar aikin gwamna. Ana shirin fara sa hannu sai Colenso ya katse taron, ya tambayi Hobson ko ya tabbata sarakunan sun fahimci abin da za su amince da shi. Ba a tsaya kan tambayar ba, aka ci gaba. Shi ne kuma ya buga matanin Maori na yarjejeniyar bayan 'yan kwanaki. Saɓanin da ke tsakanin matanin biyu har yau shi ne tushen muhawara a ƙasar, don haka dole a yaba wa matashin maɗabi'in da ya hango ɓarakar tun a wurin.

Sha'awar tsirrai ta ƙarfafa a zuciyarsa bayan haɗuwarsa da Allan Cunningham a 1838 da Joseph Hooker a 1841. Ya shafe shekaru aru-aru yana aika wa Hooker samfurin tsirrai zuwa lambun Kew na Landan. Bayan an naɗa shi dikon a 1844, aka tura shi yankin Hawke's Bay, daga nan ya riƙa doguwar tafiya a ƙafa tare da 'yan rakiya Maori, waɗanda su ne suka san hanya. Da ya fara hawa tsaunukan Ruahine a 1845, yawan baƙin tsirran da ya gani ya sa ya mayar da kwat ɗinsa da rigarsa da hularsa jakunkuna. A 1847 ya ƙetare tsaunukan gaba ɗaya. Sai dai masana na baya sun soke da yawa daga cikin sababbin nau'o'in da ya raɗa wa suna, domin sun gano cewa sanannu ne.

Halinsa ya jawo masa maƙiya ta kowane ɓangare. Turawa 'yan kama-wuri-zauna sun tsane shi saboda yana hana Maori sayar da filayensu, su kuma Maori sun ɗanɗana kaushin harshensa da tsananin hukuncinsa a kan masu laifi. Ana cikin haka, a 1851 wata Bamaoriya mai aiki a gidansa ta haifa masa ɗa. Mai tsawatar wa wasu ya afka cikin abin da yake hani a kai. Coci ta tuɓe shi a 1852, matarsa Elizabeth ta bar shi, ba ta sake komowa ba.

Daga nan ya shiga siyasa, ya wakilci garin Napier a majalisar dokoki daga 1861 zuwa 1866, ya kuma yi aikin sufeton makarantu. A 1886 aka zaɓe shi cikin babbar ƙungiyar masana kimiyya ta Ingila, a 1894 kuma coci ta mayar masa da muƙaminsa, bayan shekara 42. Gwamnati ta ɗora masa aikin rubuta ƙamusun Maori tun 1865, amma abin da ya fito a 1898 bai wuce ɓangaren harafin A ba. Ya rasu a Napier ranar 10 ga Fabrairu, 1899.