Herder (1744–1803): Kowane Tsuntsu da Kukan Gidansu

An haifi Johann Gottfried Herder ranar 25 ga Agusta 1744 a Mohrungen, wani ƙaramin gari na gabashin Furusiya da ke cikin ƙasar Folan a yau. A 1762 ya shiga jami'ar Königsberg, ya ɗauki karatu a gaban Kant. Daga 1764 zuwa 1769 ya yi koyarwa da wa'azi a Riga, inda manyan gari ke magana da Jamusanci, manoman karkara kuwa da harshen Latbiya.

Sunansa ya fito ne da maƙalarsa kan asalin harshe, wadda ta ci gasar majalisar masana ta Balin, aka buga ta a 1772. A cikinta ya nuna cewa harshe ya tsiro ne daga hankalin ɗan Adam: mutum ya ji kukan tunkiya, ya riƙe kukan a matsayin alamarta, daga nan kalma ta samu. A wurinsa tunani da harshe tagwaye ne, don haka kowane harshe yana ɗauke da yadda masu shi ke kallon duniya.

A littafinsa na 1774 kan falsafar tarihi ya kai batun ga al'adu. Ya ƙi yarda a auna tsofaffin Misirawa da mudun Girkawa, ko a auna kowa da mudun Turawan zamaninsa. Ya zauna a Weimar daga 1776 yana shugabancin malaman coci, kuma ya tattara waƙoƙin gargajiya na al'ummu daban-daban, aka buga su a 1778 da 1779.

Nan ne gardama ta taso. In kowace al'umma da ma'auninta, da wane baki za a kira zalunci da sunansa? Wasu sun ɗauke shi uban ra'ayin kowa da gaskiyarsa. Isaiah Berlin, wanda shi ma haifaffen Riga ne, ya musanta haka: tafarkunan rayuwa na gari suna da yawa, wani lokaci ma suna cin karo, amma suna da iyaka, kuma baƙo na iya fahimtarsu. Rayuwar Herder tana goyon bayan wannan fassara. Wanda ya fassara waƙoƙin wasu ya yarda ke nan cewa ma'ana tana ƙetare harshe. Kuma a wasiƙunsa kan ci gaban mutuntaka (1793–1797) ya la'anci cinikin bayi da mulkin mallaka, hukuncin da ba ya tsayuwa sai da ma'auni guda ga kowa.

Abin da bai warware ba shi ne inda iyakar take, da wanda zai shata ta. Ya rasu a Weimar ranar 18 ga Disamba 1803. Masana harshe sun gaji tambayar, musamman masu nazarin dangantakar harshe da tunani tun daga Humboldt har zuwa Sapir.