Likita Dalziel: Baturen Da Ya Adana Ganyayen Ƙasarmu

Jama'a, duk wanda ya tashi a Bauchi ya san hano, wanda wasu ke kira ararrabi, itacen nan mai son tsirowa a kan duwatsu, wanda ake jiƙa sassaƙensa a sha. To, a littattafan masana na duniya sunansa Boswellia dalzielii, watau an raɗa masa sunan wani likita, John McEwen Dalziel.

An haifi Dalziel a Nagpur ta ƙasar Indiya a 1872. Ya yi karatun likita a Edinbura, ya yi aiki a ƙasar Sin, sa'an nan a 1905 ya zo Nijeriya ta Arewa yana likitan gwamnati. Ya zauna wurare da dama, har da ƙasar Katagum wadda yanzu ke cikin Jihar Bauchi.

In ya tashi daga aikin asibiti sai ya shiga daji. Ya tsinko reshe da ganyensa da furensa, ya shimfiɗa tsakanin takardu, ya danne da abu mai nauyi har ya bushe, kana a liƙa a takarda mai kauri a rubuta inda aka samo shi da ranar. Irin waɗannan takardu nasa suna nan ajiye a gidan binciken tsire-tsire na Kew a Landan, fiye da shekara 100, masana suna ta duba su.

A 1916 ya fitar da littafin sunayen itatuwa da ciyayi na Hausa, A Hausa Botanical Vocabulary. Daga baya shi da John Hutchinson suka wallafa Flora of West Tropical Africa daga 1927 zuwa 1936, a 1937 kuma ya fitar da littafi kan amfanin tsire-tsiren Afirka ta Yamma. Ya rasu a 1948.

Amma fa sunayen nan da amfaninsu daga bakin kakanninmu ya ji su, shi dai ya rubuta. Mu da ke zaune Agege da Sabon Ibadan, 'ya'yanmu da yawa ba su iya bambanta marke da ƙirya. Idan an je gida da salla, a kai yaro bayan gari wurin tsofaffi, a nuna masa itace a faɗa masa sunansa, a kuma ba shi takarda ya rubuta.