Alhaji Musa Ɗanƙwairo, Makaɗin da Ya Fara da Amshi

Na fara jin muryar Alhaji Musa Ɗanƙwairo ne a rediyon kakana, a Birnin Yauri. Da zarar an sa waƙarsa, sai tsoho ya ɗaga mana hannu, kowa ya yi tsit. A lokacin na ɗauka da waƙa a baki aka haife shi. Sai da na zo makaranta na karanta tarihinsa, sannan na gane ashe shi ma koya ya yi.

An haifi Musa a ƙasar Bakura, cikin Jihar Zamfara ta yanzu, wajen shekarar 1907. Mahaifinsa, Usman Ɗankwanda, makaɗin Sarkin Maradun ne. Tun Musa yana ƙaramin yaro yake bin uban wajen kiɗa. An ce akwai wani mai zaƙin murya cikin yaran mahaifinsa wanda ake kira Ƙwairo. Da aka ji muryar yaron ta yi kama da tasa, sai aka laƙaba masa Ɗanƙwairo.

To, a gidan kiɗa ba a fara wa yaro da jagora. Sai ya ɗauki kaya, ya yi amshi, ya koyi kaɗa kotso da hannu. Sai ya haddace asalin sarakuna da kirarinsu, don kada ya yi kuskure a gaban fada. Duk wannan ba a rubuce yake ba, daga baki ne zuwa kunne.

Da mahaifinsu ya rasu, wansa Abdu Kurna ne ya zama shugaba. Musa bai yi gaggawar warewa ba, ya zauna ƙarƙashin wansa shekara da shekaru, yana riƙe da muƙamin Daudun Kiɗa. Mai haƙuri shi kan dafa dutse. Da Sardaunan Sakkwato, Sa Ahmadu Bello, ya nemi makaɗi daga Maradun, Musa aka tura masa, daga nan sunansa ya game Arewa. Bayan rasuwar Sardauna a 1966 ya ci gaba da yi wa sarakuna waƙa, har Allah ya karɓi ransa a 1991. Yadda aka koya masa, haka ya koya wa 'ya'yansa, suka riƙe kiɗan bayansa.

Mu ma nan Yauri mun ga irin wannan. Marigayi Sani Aliyu Ɗandawo wajen mahaifinsa, Aliyu Ɗandawo, ya gaji waƙar fada.

Abin da ya dame ni shi ne na gidanmu. Kakata ta san tatsuniyoyi da waƙoƙin daka masu yawa, waɗanda ta ɗauka wajen tata kakar. Yanzu ta tsufa, mu kuwa jikokinta muna makarantar kwana, in mun je hutu ma waya ce a hannunmu. Ran da ta kwanta dama, wa zai yi mata amshi?

Saboda haka na yi niyya, wannan hutun zan zauna gabanta kowane dare da littafi da alƙalami. 'Yan'uwana ɗalibai, kowa ya duba gidansu. Iyaye kuma ku riƙa jawo mu kusa da tsofaffi. Allah ya ji ƙan Ɗanƙwairo, amin.