Mamman Shata: Rayuwar Da Ta Rage A Cikin Kaset

A gidan kawuna, a wani ƙauye da ke tsakanin Safana da Runka, akwai wani akwatin ƙarfe da ba a yarda yaro ya taɓa ba. Kaset-kaset ne a ciki, an jera su kamar littattafan malami, kuma mafi yawansu na mutum guda ne, wato marigayi Alhaji Mamman Shata. Idan an dawo daga gona an yi sallar isha'i, kawu yakan fito da rikodarsa ƙofar gida, ya ciro baturan da ya shanya a rana don su ƙara ƙarfi, ya zaɓi kaset ɗaya. Dattawa su zauna a tabarma, mu yara mu raɓe a gefe. A nan na fara karatun harshe, tun kafin in san akwai wani fanni mai wannan suna a jami'a. Daga baya, da na fara samun 'yan kuɗin aljihu, ni ma na shiga sayen nawa a hannun masu kaset na kasuwar Batsari, kuma har yau ban daina tarawa ba.

An haifi Muhammadu, wanda duniya ta sani da Shata, a garin Musawa cikin shekarar 1923. Mahaifinsa Ibrahim Yaro, mahaifiyarsa Lariya, kuma gidansu gidan Fulani ne da bai gaji kiɗa ba. Wannan batu yana da muhimmanci, domin a ƙasar Hausa ta wancan zamani sana'a gado ce: ɗan maƙeri ya yi ƙira, ɗan makaɗi ya yi kiɗa, wanda kuwa ya ɗauki roƙo ba tare da ya gada ba, ana ganin ya zubar da mutuncin gidansu. Saboda haka mahaifin bai so ba ko kaɗan. Yaron ya yi tallan goro, ya yi na alewa, amma a dandali ake ganin inda zuciyarsa take, inda yake rera waƙa don nishaɗi ba don a ba shi ko anini ba. A wajen wani ɗan'uwansu mai suna Baba Salamu ya samo laƙabin Shata, laƙabin da ya binne sunan yanka.

Barinsa Musawa zuwa Bakori shi ne matakin farko na zamansa mawaƙi na sosai. A can ya zauna a ƙarƙashin inuwar Abdullahi Inde, ɗan sarautar Musawa, wanda ke aikin En'e a harkar sayen auduga da gyaɗa. Ya kamata mai karatu ya lura da irin wannan ubangida: ba sarki ba ne mai fada, ma'aikaci ne da ke tsakiyar sabon arzikin da ya shigo ƙasar, arzikin kanti da sikeli da mota. Irin waɗannan mutane, tare da direbobi da 'yan kasuwa da 'yan boko da matan da ke da abin hannunsu, su ne suka zama jama'ar Shata har ƙarshen rayuwarsa. A shekarar 1952 ya yi wasa a Bikin 'Yan Sarki a Kano, inda aka aurar da 'ya'yan sarauta da dama a lokaci guda, kuma daga wannan biki ne sunansa ya tsallake iyakar lardin Katsina. Daga bisani ya kafa gida a Funtua, garin da ya zama mazauninsa na shekaru masu yawa, ko da yake rabin rayuwarsa a kan hanya ya yi ta.

A nan ne ya bambanta da manyan da muke jerawa tare da shi. Ibrahim Narambaɗa makaɗin fada ne, ubangidansa Sarkin Gobir na Isa. Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, shi ma da sarauta aka san shi. Waƙoƙinsu tsararru ne, an zauna an shirya su tare da 'yan amshi, kowa ya san inda zai karɓa. Shata kuwa mawaƙin jama'a ne, da kalangu yake tafiya, kayan kiɗan da aka fi sani da mahauta da 'yan mata. Amshinsa layi ɗaya ne, 'yan amshi su yi ta maimaita shi, shi kuma ya yi ta zuba magana a kai yadda ta zo masa a wannan dare. Ya yi wa sarakuna waƙa, musamman Sarkin Daura Muhammadu Bashar wanda ya zama babban amininsa, amma babu fadar da ta mallake shi. Ya yi wa sojoji waƙa lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, ya yi ta noma, ya yi ta yabon Annabi (SAW), ya yi wa kumbon Apollo 11 da ya kai mutum duniyar wata a 1969. Ya kuma yi wa Dajin Rugu, wannan daji namu da ya ratsa ƙasar Safana da Batsari ya dangana da Zamfara, a zamanin da ake ɗaukarsa wurin zuwa kallo. Duk lokacin da kawu ya sa wannan kaset, dattawan ƙauyenmu kan gyara zama, kamar an ambaci sunan kakansu a gidan rediyo.

Ba zan yi wa mamaci ƙarya ba don ina son sa. Shata yana da baki mai kaifi, kuma wanda ya shiga gonarsa ya sha zambo da habaicin da ya bi zuriyarsa. Ya yi waƙar da malamai suka yi tir da ita saboda kambama shan barasa. Akwai kuma waƙoƙin da idan ka saurara da kunnen basira za ka ji cewa kyauta ce ta jawo su, ba cancantar wanda aka yi wa ba. Wannan duk yana cikin tarihinsa, kuma mai tara kaset na gaskiya ba ya ɓoye wanda bai yi masa daɗi ba. Siyasa ma ya taɓa ta: ya zama kansila a ƙaramar hukumar Kankiya a shekarun 1970, ya kuma shugabanci jam'iyyar SDP a Funtua a jamhuriya ta uku. A ganina wannan shi ne ɓangaren rayuwarsa da ya fi ƙarancin albarka, don haka ba zan tsaya a kansa ba.

Masana sun gane darajarsa tun yana raye. Ɗandatti Abdulƙadir ya rubuta kundin digirinsa na uku a kansa a Jami'ar Indiyana ta Amurka a 1975. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa a 1988, abin da ya sa ake ce masa Dokta, gwamnatin tarayya kuma ta ba shi lambar MON. Mutumin da mahaifinsa ya ji kunyar sana'arsa, sai ga shi cikin rigar malaman jami'a. Ya rasu ranar Juma'a, 18 ga Yuni, 1999, a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, aka kai shi Daura aka yi masa sutura. Allah Ya jiƙansa, Ya yafe masa kurakuransa. A 2006 Ibrahim Sheme da abokan aikinsa uku suka fitar da littafin tarihinsa mai suna Shata Ikon Allah!, wanda duk mai son sanin mutumin ya kamata ya nema.

To, amma ina aikin Shata yake a yau? Turawa suna da kiɗan da suke kira na gargajiyar manya, na su Mozat da Bitoben, kuma masu sha'awarsa kan tara fayafai su kwatanta yadda wannan ƙungiya ta kaɗa da yadda waccan ta kaɗa. Sai dai su mawaƙansu sun rubuta kiɗan a takarda, ko duk fayafan duniya sun ƙone za a iya sake kaɗa shi gobe. Tun a 1862 wani masani mai suna Koshel ya jera ayyukan Mozat ya ba kowane lamba, kuma har yanzu da lambobinsa ake aiki. Shata bai rubuta ko baiti ɗaya ba, shi kansa bai san adadin waƙoƙinsa ba. Abin da na'ura ta ɗauka shi ne ya rage, abin da ba ta ɗauka ba ya tafi da iskar wannan dare.

Bugu da ƙari, ko waƙa ɗaya ba ta da siffa ɗaya. Bakandamiya, wadda ita ce kirarinsa na kansa, ya rera ta sau da dama a wurare daban-daban, kuma a akwatin kawuna kaɗai akwai guda uku da ba su yi daidai da juna ba: a wata ya tsawaita, a wata ya sako sunayen da babu su a sauran, a wata kuma muryar ta nuna shekaru sun ja. Wannan ba aibi ba ne, haka waƙar baka take a ko'ina. Milman Pari da Albat Lod, waɗanda suka ɗauki muryoyin mawaƙan Yugoslabiya a shekarun 1930, abin da suka gano ke nan: mawaƙin baka yana ƙirƙira ne a lokacin da yake rerawa, kowace rerawa sabuwar waƙa ce. Abin da suka ɗauka yana ajiye a Jami'ar Habad har yau. Ma'anar wannan a gare mu ita ce, kaset ɗin da wani direba ya ɗauka da rikodarsa a wajen biki a Dutsin-Ma ba kwafin faifan kamfanin EMI ba ne, ba kuma kwafin na Rediyon Kaduna ba. Shaida ce mai zaman kanta, kuma mai yiwuwa babu irinta a duniya.

A matsayina na ɗalibin kimiyyar harshe, akwai abin da ya fi damuna. Rubutun boko da muke amfani da shi ba ya nuna karin sauti, ba ya nuna tsawon wasali. Garin da ake zama da garin da ake tuƙa tuwo, rubutunsu ɗaya ne, baki ne ke raba su. Kalangu kuwa karin sautin magana yake bi, shi ya sa ake cewa yana magana. Idan ka kwashe waƙar Shata ka zuba a takarda, ka sami kalmomin amma ka rasa yadda ya ja wasali don ya cika ma'aunin kiɗa, da inda Katsinancinsa ya leƙo, da kalmomin zamanin En'e da sulai da fam waɗanda ɗalibaina na yau sai an yi musu fassara. Kusan shekara hamsin na Hausar baka, daga bakin mutum ɗaya, tana kan wannan siririn zare mai launin ƙasa.

Zaren kuwa ba ya jure zafi da ƙura da laima. Yana miƙewa, yana mannewa, murya ta dusashe. Masu tura waƙa a waya sun taimaka ƙwarai wajen yaɗa Shata ga matasa, ban raina musu ba, amma sukan yanke farkon waƙa inda sanƙira ke faɗin wuri da masu biki, su yanke ƙarshe, su sa mata sunan da suka ga dama. Waƙa ta rayu, tarihinta ya mutu. Aikin da ake buƙata ba mai tsada ba ne: a karɓi aron kaset, a juye shi cikakke a kwamfuta ba tare da an datse komai ba, a rubuta daga hannun wa ya fito da abin da mai shi ya tuna game da shi, a ba shi lamba, a mayar wa mai shi kayansa. Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, tana maƙwabtaka da Safana. Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa tana Katsina, haka ma Hukumar Tarihi da Al'adu ta jiha. Ɗaliban Hausa da ke neman abin rubuta kundi suna da yawa, kuma kusan kowannensu yana da kawu irin nawa.

A 2019, lokacin da hare-haren 'yan bindiga suka tsananta a ƙauyukan bakin Rugu, mutanen gidan kawuna suka taso cikin dare da abin da ke jikinsu, suka kwana a Batsari, daga baya muka ɗauko su zuwa Katsina. Ba wanda ya tuna da akwati, kuma ba zan zargi kowa ba, rai ake gudu da shi. Bayan damina wani ƙanena ya yi ƙarfin hali ya koma, ya tarar rufin ɗakin ya rufta, ruwa ya shiga. Daga abin da ya kwaso, goma sha ɗaya ne suka yi magana da na sa su a rikoda. Na juye su duka. Na Dajin Rugu yana cikinsu, sai dai daga tsakiya murya takan nutse ta dawo, kuma biyu daga cikin Bakandamiyoyi ukun nan ba su tashi ba.