Otto Lilienthal, Almajirin Shamuwa

Mu a ƙasar Daura, in mun ga shamuwa sai mu ce damina ta kusa. Shi kuwa Otto Lilienthal, injiniyan Jamus da aka haifa a garin Anklam a 1848, fikafikan farar shamuwar ƙasarsu ya zuba wa ido. Ya gano cewa fiffike mai ɗan lanƙwasa ya fi shimfiɗaɗɗe ɗaukar nauyi a iska, ya bayyana haka cikin littafinsa na 1889.

Daga 1891 ya riƙa haɗa fikafikai da tsumagun itace da yadin auduga, ya saɓa su, ya gangaro a guje daga kan tudu har iska ta ɗauke shi. Ya tashi wajen sau 2,000, wani lokaci ya ci mita 250. Da karkata jiki kaɗai yake sarrafa su, nan kuwa raunin aikin yake. Ran 9 ga Agusta 1896 suka ƙi juyuwa, ya faɗo ya karya wuya, kashegari ya rasu.

Kan bincikensa 'yan'uwan nan biyu, su Wright na Amurka, suka ɗora har jirginsu ya tashi a 1903. 'Yan'uwa cikin Almasihu, halittar Allah makaranta ce. Mu koya wa 'ya'yanmu lura da ita.