Marigayi Sarkin Katsina Alhaji Sir Usman Nagogo (1905 – 1981): Sarkin Da Ya Yi Suna A Filin Ƙwallon Dawaki

A duk lokacin da aka tayar da zancen wasanni a majalisun ƙananan hukumomi ko a zaurukan hakimai da dagatai, akan rabu gida biyu. Wasu na ganin wasa hanya ce ta haɗa kan matasa da samar musu abin yi, wasu kuwa na ganin ɓata lokaci ne da ɓarnar dukiya, musamman yanzu da gidajen kallon ƙwallo suka cika garuruwanmu tun daga Yelwa har Wara da Shanga. Wannan muhawara ba sabuwa ba ce a ƙasar Hausa, domin kuwa akwai basaraken da ya shafe fiye da shekara hamsin yana hidima da wasa, har sunansa ya kai ƙasashen waje ta dalilinsa, wato marigayi Mai Martaba Sarkin Katsina Alhaji Sir Usman Nagogo. Tarihinsa ya isa a duba, domin a cikinsa ana iya ganin abin da wasa ke kawowa, da kuma abin da yake ci.

Haihuwarsa da gidan da ya fito

An haifi Usman Nagogo a Katsina a shekarar 1905. Mahaifinsa shi ne Muhammadu Dikko, wanda a lokacin yake riƙe da sarautar Durɓin Katsina. A shekarar 1906 Turawan mulkin mallaka suka tuɓe Sarki Yero na gidan Dallazawa suka ɗora Dikko, wanda ya zama sarki na farko daga gidan Sulluɓawa. Ke nan Nagogo ya buɗe ido ne ya tarar da mahaifinsa a kan gadon sarauta. Ya yi karatun Alƙur'ani da na littattafan addini kamar yadda aka saba a gidajen sarauta, daga bisani aka sanya shi makarantar boko ta lardi a Katsina, a zamanin da iyaye da yawa ke ɓoye 'ya'yansu kada a kai su boko.

Ba a fahimtar Nagogo sai an fahimci Dikko. Sarki Dikko mutum ne mai son ganin duniya da ɗauko abin da ya ga zai amfani ƙasarsa. A shekarar 1921 ya tafi aikin Hajji yana kan mulki, abin da sarakunan Arewa ba su saba yi ba a wancan lokaci, kuma a tafiyar ya biya ta Ingila inda ya gana da Sarki George na Biyar. A zamaninsa ne aka kafa Kwalejin Katsina, wadda ta yaye mutane irin su Sir Ahmadu Bello da Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa. Haka kuma Allah ya yi shi da son dawaki da sukuwa matuƙa. Shi ne ya buɗe wa wasan ƙwallon dawaki ƙofa a Katsina, ya ba da fili, ya ba da dawaki, ya kuma sa 'ya'yansa da yaran fada su koya.

Wane irin wasa ne wannan?

Da yake yawancin jama'armu na karkara sun fi sanin dambe da kokawa da tseren jiragen ruwa, ya kamata a ɗan yi bayani. Ƙwallon dawaki, wanda ake kira folo ko holo, tsohon wasa ne da ya samo asali daga ƙasar Farisa da tsakiyar Asiya. Sojojin Ingila sun koye shi a Indiya, suka tsara masa dokoki, suka yaɗa shi a ƙasashen da suka mallaka. A Nijeriya an fara buga shi a Legas a shekarar 1904, sannan aka kafa kulob na Kaduna a 1918. Mutum huɗu-huɗu ne ke karawa a kan dawaki, kowa da doguwar sanda mai guduma a kai, wadda dole a riƙe ta da hannun dama. Filin ya kai tsawon yadi 300, wato ya ninka filin ƙwallon ƙafa sau da yawa. Ana raba wasan zango-zango, kowane zango kimanin minti 7, kuma saboda tsananin gudu da birki da juyi, ba a barin doki ɗaya ya yi ta yin zango bayan zango. Dole mahayi ya sauya. Wannan shi ne asalin tsadar wasan: ɗan wasa guda yana buƙatar dawaki da yawa kafin ya iya shiga gasa.

Ana auna ƙwarewar ɗan wasa da maki, daga biyu ƙasa da sifili har zuwa 10. Mafi yawan masu buga wasan a duniya ba sa wuce maki 2 har su tsufa. Usman Nagogo ya kai maki 7, matsayin da aka shafe shekaru masu yawa bayan rasuwarsa ana ambatonsa a matsayin ƙololuwar da wani ɗan ƙasar nan ya taɓa kaiwa. Abin lura shi ne, ya yi hakan ne a zamanin da kulob-kulob ɗin wasan suke hannun hafsoshin soja da joji-joji da di'o-di'o na Turawa, waɗanda a wurare da dama ba sa ko zama teburi ɗaya da baƙar fata. Ƙungiyar Katsina ta riƙa zuwa Kaduna tana karawa da su a gasar Kofin Georgian, wanda shi ne kofi mafi daraja a can, tana kuma ɗauko shi. Ga Bahaushen da aka ci ƙasarsa da yaƙi shekaru kaɗan kafin nan, ganin ɗan sarkinsa ya kayar da Bature a wasan Baturen ba ƙaramin abu ba ne, kuma duk mai cewa kallon wasa ba ya tsinana komai ya kamata ya tuna da wannan.

Ayyukansa da hawansa sarauta

Nagogo bai tsaya ga wasa kaɗai ba. A shekarar 1929 aka naɗa shi shugaban 'yan doka na En'e ta Katsina, inda ya faɗaɗa rundunar. A 1937 aka ba shi sarautar Magajin Gari, wato hakimin cikin birni. Da Allah ya yi wa Sarki Dikko rasuwa a farkon 1944, shi aka zaɓa ya gaje shi, kuma Gwamnan Nijeriya Sir Arthur Richards ya miƙa masa sanda a ranar 19 ga watan Mayu na wannan shekara.

Ya hau mulki ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. Bai daɗe da hawa ba ya yi doguwar tafiya har Indiya da Bama, domin ya gaida sojojin Nijeriya da aka kwasa suna yaƙi da Japan a dazuzzukan can, ya ƙarfafa musu gwiwa. Yawancin waɗannan sojoji 'ya'yan talakawan Arewa ne, kuma tsofaffinsu da suka dawo gida su ne waɗanda aka riƙa yi wa laƙabi da 'yan Bama. Bayan yaƙi ya zauna a Majalisar Sarakuna ta Jihar Arewa a Kaduna, ya kuma riƙe muƙamin minista marar ma'aikata tun cikin shekarun 1950 har zuwa juyin mulkin Janairun 1966. An ba shi lambobin girma da dama, ciki har da K.B.E. wadda ta sa ake kiransa Sir. A duk tsawon wannan lokaci shi ne uban wasan ƙwallon dawaki a Nijeriya, har ƙungiyar wasan ta ƙasa ta ba shi shugabancinta na tsawon rai.

Abin da wasan ya kawo, da abin da ya ci

Idan aka zo lissafin amfani, abu na farko shi ne sana'a. Doki ba ya kiwon kansa. Bargar da ke da dawakin gasa tana ciyar da masu yankan ciyawa, da masu sayar da harawa da dawa da dusa da kanwa, da dukawa masu ɗinkin sirdi da ragama, da maƙera masu ƙera linzami da likkafa, da masu maganin dabbobi. Daga cikin yaran barga ne aka samu waɗanda suka fara da wankin doki da zagayawa da shi, har suka ƙware suka zama 'yan wasan da attajirai ke ɗauka haya su buga musu. Ta haka Katsina ta zama matattarar gwanayen wasan, kuma har yau ana samun Katsinawa a ƙungiyoyin Kano da Kaduna da Legas da Fatakwal. Wannan shi ne farkon cin abinci da wasa a wannan fanni, tun kafin a kafa gasar ƙwararru ta ƙwallon ƙafa a Nijeriya a shekarar 1990.

Abu na biyu shi ne zumunci. Filin wasa ya haɗa sarakuna da sojoji da 'yan kasuwa na Kudu da Arewa, kuma sau da yawa maganar da ta gagara a ofis takan warware a inuwar rumfar 'yan kallo. Sai dai a nan ne kuma matsalar take. Wurin da manya ke haɗuwa su shirya tsakaninsu, talaka ba ya da kujera a ciki. Nasa tsayuwa ne a bakin igiya, ya yi tafi, ya koma gida a ƙasa. A shekarun 1950, lokacin da jam'iyyar NEPU ta su Malam Aminu Kano ke sukar tsarin En'e da yadda ake karɓar haraji da jangali, ba abin mamaki ba ne manomin da ya sayar da hatsinsa ya biya haraji ya dubi dokin da ke cin dawa safe da yamma da wani irin ido. Mai wannan rubutu yana ganin rashin adalci ne a ce Nagogo ya bar aikin sarauta saboda wasa, domin ayyukansa suna nan a rubuce. Amma kuma ba gaskiya ba ne a ce wasan ya zama na kowa da kowa. Bai zama ba a zamaninsa, ballantana daga baya da aka shiga sayo dawaki da hayar 'yan wasa daga Ajantina da kuɗin ƙasashen waje.

Sukuwa kuwa, wadda ita ma gidan Dikko ya yi fice a kanta, tana tafe da wata cuta da malamai suka daɗe suna tsawatarwa, wato caca. Wanda ya hau doki yana motsa jiki yana koyon juriya, amma wanda ya zauna gefe ya zuba kuɗin cefanen gidansa a kan doki ko ƙungiya, babu abin da ya samu daga cikin wannan. Yau cacar ta bar filin sukuwa ta koma cikin wayar hannu, inda saurayin da bai taɓa ganin Ingila ba yake saka kuɗin kifin da ya kamo daga tafkin Kainji a kan wasan Arsenal da Chelsea, wani lokaci ma har a yi faɗa da ɗan'uwa saboda ƙungiyoyin da ba su san da zaman su biyun ba. Bambancin a fili yake: 'yan kallon Nagogo sun san shi, sun san dokinsa, sun san yaron da ya ɗaura masa sirdi, kuma kuɗin da aka kashe ya zaga ne a kasuwar garinsu. Wannan siffa ce da har yanzu bikin Rigata na Yauri da bikin kamun kifi na Argungu suke da ita, domin mai tuƙa jirgi da mai kallonsa da mai sayar masa da abinci duk 'yan gida ne. Jami'an da ke zama su raba kasafin wasanni na ƙaramar hukuma, ko su yanke shawara a kan filin makarantar da ake neman a yanka fulotai, su ne suka fi kowa buƙatar su riƙe wannan bambanci.

Akwai kuma hatsari ga rai, wanda mutanen wannan yanki ba za su manta da shi ba. A watan Nuwamba na 1981, Gwamnan tsohuwar Jihar Sakkwato Alhaji Shehu Kangiwa, ɗan ƙasar Arewa ta masarautar Argungu, ya faɗo daga kan doki yana wasan ƙwallon dawaki a Kaduna, ya rasu yana kan mulki. A lokacin Yauri tana cikin Jihar Sakkwato, domin sai a ranar 27 ga Agusta 1991 aka ƙirƙiro Jihar Kebbi. Mataimakinsa Dakta Garba Nadama ne ya ƙarasa wa'adin. Jiha guda ta rasa gwamnanta na farar hula na farko a filin wasa, shekara biyu kacal da rantsar da shi.

Rasuwarsa da zuriyarsa

Sarki Usman Nagogo bai ga wannan rana ba, domin Allah ya karɓi ransa a ranar 18 ga Maris 1981, yana da shekara kusan 76, bayan ya yi shekara 37 a kan gadon sarauta. Bai kuma ga ƙirƙiro Jihar Katsina ba, wadda aka yi a 1987. Ɗansa Alhaji Muhammadu Kabir Usman ya gaje shi, ya yi mulki har zuwa 2008, sannan jikansa Alhaji Abdulmumini Kabir Usman ya hau. Wani ɗan nasa, Manjo Janar Hassan Usman Katsina, Ciroman Katsina, shi ne Gwamnan soja na Jihar Arewa daga 1966 zuwa 1967, daga baya ya shugabanci rundunar sojojin ƙasa a lokacin yaƙin basasa, kuma shi ma ya buga ƙwallon dawaki ya yi wa wasan hidima har rasuwarsa a 1995. Babban filin wasa na zamani da ke Katsina kuwa, inda ƙungiyar Katsina United ke karɓar baƙinta, sunan Muhammadu Dikko aka sa masa, kuma ƙwallon ƙafa ake bugawa a cikinsa.

Allah ya jiƙansu da rahama, amin.